Ummi a Kan Soro

Asabar, cikin Agusta, bayan isha'i

Sati guda ina roƙon ƙanwata Ummi, ranar kawo lefena ta taimaka ta zama mace, ko na yini ɗaya ne. Ban da hawa katanga, ban da fito, ban da wandon ƙwallo. Ta ce ta ji. Har lalle ta bari aka yi mata, ta sha leshi ta zauna kamar mutuniyar kirki.

Dangin ango na tsaka da buɗe akwatuna a ɗakin Inna aka kece da ruwa. Indararo ya toshe, ruwa ya taru a kan soro, sai ga shi yana ɗiga a kan atamfofina. Rufin ƙasa ne kuwa, in ya jiƙa sai ya rufto. Yaya Sani ya tsaya a zaure yana ta neman magini a waya, wai shi jiri yake ji.

Ina leƙe ta taga na ga Ummi ta tattare leshi. Ashe wandon na ciki! Ta taka randa, ta dafe katanga, sai ga ta a sama. Nan take ruwa ya zubo shaa.

Na ce shi ke nan, mun gama jin kunya. Sai na ji gwaggon ango tana cewa, "Hajiya, don Allah a ara mana yarinyar nan gobe, namu ma ya toshe."

Kowa sai sa mata albarka yake. Ni kaɗai na ga abin da ta zaro daga indararon ta cusa a riga. Ƙwallonta ce, 'yar banza.