Ni Na Yi Jinyar Baba, Ƙanwata Ake Sa Wa Albarka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan yana cin raina.

Ni manomi ne a Filinge, ni ne babba a gidanmu. Ƙarshen damana fitsari ya tsaya wa babanmu, muka kai shi likita, wato asibiti, aka sa mishi sondi, robar nan mai fidda fitsari. Daga nan sai zazzaɓi. A ba shi magani ya ji sauƙi, magani na ƙarewa zazzaɓi ya dawo, a canza wani, har allura an yi. Ni ke zubar da fitsarin, ni ke yi mishi wanka, ni ke goya shi a moto zuwa likita, hatsina ma maƙwabta suka kwaso min daga gona. Ban taɓa jin nauyi ba, ubana ne.

Sai ƙanwata ta zo daga Yamai, tana aiki a laboratuwar, wurin gwajin jini da fitsari. Ta ce ƙwayoyin cutar sun manne a jikin robar, sun yi wa kansu rufi mai yauƙi kamar gansakuka a randa, magani ba ya ratsa su sosai, waɗanda suka tsira kuma sun daina jin maganin da ake ta ba shi. Ta yi magana da lokotoro, wato dakta mai duba Baba, aka canza robar, aka gwada fitsarin, aka gano maganin da ke kama su. Alhamdulillahi zazzaɓi ya tafi, kuma wallahi na yi murna.

To amma tun daga nan Baba ba shi da zance sai nata. Ranar da kawunmu ya zo gaisuwa daga Bankuku, ina tsugune ina wanke zanen gadonsa, na ji yana cewa, "Da ba don ɗiyar nan ba, da yanzu ta'aziyyata ka zo." Ko sunana bai kira ba. Na faɗa wa Inna abin ya yi min ciwo, ta ce in ji kunya, wa ke kishi da ƙanwarsa. Maganar ta kai kunnen yarinyar, muka yi sa-in-sa, na ce ta zo kwana kaɗan ta kwashe albarkar, ta ce ita ba ta roƙi yabo ba, ta koma Yamai tana kuka. Yanzu ko wayarta na gani sai ƙirjina ya yi zafi, alhali ba abin da ta yi min.

Ga shi lokotoro ya ce a kai Baba Yamai a yi mishi aiki a raba shi da robar, don in ta daɗe ƙwayoyin za su sake mannewa, kuma ba tabbas maganin nan ya ƙara kama su. Jiya ƙanwata ta kira ta ce, "Yaya, in ba kai ba, Baba ba zai bari kowa ya ga tsiraicinsa ba." Na ce zan yi tunani. Zuciyata na cewa in bar mata shi, ita ma ta ɗanɗana jinya.

Shi kuwa Baba bai ma tambaye ni ba. Da safen nan na iske ya sa Inna ta haɗa kayana da nasa a jaka ɗaya.

'Yan uwa, in zauna da shi in faɗa mishi abin da ke raina kafin mu kama hanya, ko in ɗauki jakar in yi shiru?