Kwalaben da Aka Jera a Bakin Taga

Zuwa ga Manajan wani ɗakin gwajin jini da fitsari mai zaman kansa da ke wajen PZ, Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ban ambaci sunan wurinka ba, domin gyara nake nema. Na rubuto a fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka ba mu daidaita ba, kuma ɗalibai da yawa daga jami'ar da ke Samaru suna kawo muku irin aikin da na kawo.

'Yata Saratu tana digiri na biyu a fannin fiziks. Ta haihu ana dab da ƙarasa aikinta, shi ya sa ni na ɗauko kayan gwajinta daga Palladan, kwalin yana kan cinyata a keke mai ƙafa uku har ƙofarku. Kafin in fito ta yi mini bayani, na rubuta shi a takarda, na kuma miƙa takardar tare da kwalin.

Kayan iri biyu ne. Na farko, gilashi guda shida, kowanne bai fi murfin kwalba faɗi ba. Ita ta narka su, ta gauraya musu ɗan sinadarin ƙarfe mai nauyi, don a ga ko zai tare hasken na'urar hoton ƙashi, amma ma'aikacin asibiti ya iya hangen majiyyaci ta cikinsa. Na biyu, ruwan ganyen darbejiya da ta haɗa da gishirin azurfa, har ya fitar da ƙwayoyin azurfa ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ana binciken ko za su kashe ƙwayoyin cuta a miki. Aikinku shi ne ku haska kowanne a na'ura, ta faɗi yawan hasken da ya wuce da wanda ya tsaya.

Ga abin da ya faru.

1. Ruwan ya zo muku a kwalabe masu duhu, naɗe da takardar alminiyum, domin hasken rana yana canza shi. Ma'aikacinku ya juye shi a fararen kwalabe irin na fitsari, saboda a nan ne rubutunsa ke fita, ya jera su a bakin taga kwana huɗu ana jiran gyaran janareta. Ruwan da na kawo da launin shayi, na same shi ya yi baƙi, da gudaji a ƙasa.

2. Saratu ta yi mako uku tana goge fuskar gilashin nan da hannu, don ta nan hasken zai bi. A kan wannan fuskar aka manna takardar suna. Da aka zo awo, aka kankare ta da reza. Biyar cikin shida sun yi zane.

3. Duk da haka an auna, an buga hatimi, an sa hannu. Da na nuna maka, ka ce lambobin ruwan sun yi sama sosai, ba ka ga abin ƙorafi ba. Ranka ya daɗe, sun yi sama ne domin ruwan ya lalace. Ruwan kwata ma zai tare haske.

Ban ga laifin ma'aikacinka kamar yadda na gani da farko ba. Mutum ne da aka koya wa cewa duk abin da ya shigo sai an manna masa suna nan take, kada jinin wani ya zama na wani. Wannan ɗabi'a ta ceci rayuka, har da nawa wataƙila. Abin da na kasa ganewa shi ne a karɓi aikin da ba a saba da shi ba, a ajiye takardar bayaninsa a aljihun tebur, sannan a buga hatimi. Na yi shekaru ina gyaran rubutu a gidan jarida. Mukan yi kuskure, amma washegari mukan buga gyara, kuma ba mu taɓa rasa mai karatu saboda haka ba.

Malamin da ke duba aikin Saratu ya ce za a iya ƙara mata lokaci ta sake komai, in akwai takarda daga gare ku mai tabbatar da cewa kayan sun lalace kafin awo. Wa'adin kai takardar shi ne ƙarshen watan nan. In babu ita, ko ta miƙa waɗannan lambobi, ko ta rasa shekara. Ƙawayenta sun ce ta miƙa, tunda da hatimi. Ta ƙi. Ta ce wata rana wani zai karanta, ya yarda, ya shafa abin a ƙafar mai ciwon suga.

Don haka ina roƙon abu biyu. Ka rubuta wannan takarda, ka janye sakamakon. Layi uku sun isa, ba sai an ambaci sunan ma'aikacin ba. Sannan daga yau, duk ɗalibin da ya kawo irin wannan kaya, a bar shi ya tsaya a auna a gabansa.

Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya sa hatiminka ya zama abin dogaro ga marar lafiya da ɗalibi. Zan zo ranar Litinin da safe. Saratu ta riga ta tsinko sabon ganye, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Abin da ke hannunka shi ne shekararta.

Wassalam.

Mahaifin Saratu,
Palladan, Zariya.