Baƙin Mai a Keken Keziah

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Ruwa tun asuba, kasuwa shiru. Da hantsi sai ga Keziah, maƙwabciyarmu da ke aiki a ƙaramin asibiti, ta turo sabon keke ja wur, baki har kunne. Wata ƙungiya ce ta ba su guda biyar, saboda masu kai allurar rigakafi ƙauyukan kan tudu. Na taya ta murna da zuciya ɗaya, don na san wahalar da take sha a ƙafa da akwatin maganin nan a ka. Amma da na duƙa na duba, babu robar birki a gefen wili! Wani ɗan faifan ƙarfe ne a cibiyar taya, duk huji kamar rariya. Wai shi ne birkin. A babur na san shi, amma keke? Shekara talatin da ɗaya ina sana'ar gyaran keke a Zuru, yau na ga abin dariya. Na ce mata, 'yata, Allah ya sa ya tsaya in kin ce ya tsaya.

Laraba, 9 ga Yuli
Mun kwashi gardama da Gabriel, tsohon sojan nan mai gyaran babur a tsallaken titi. Wai birkin roba in ya sha ruwa da laka santsi kawai yake yi, shi kuwa faifai yana can sama, laka ba ta kai masa. Na ce to in ya lanƙwashe a dajin Sakaba wa zai miƙe shi? Birkin roba kuwa ko guntun tsohuwar taya ka yanka ka ɗaura, ka iso gida. Masu zaman rumfa suka ce na kayar da shi.
Gaskiya dai nawa keken in ana ruwa da ƙafa nake ƙarasa tsayar da shi, takalmina na dama shaida ne. Wannan ban faɗa ba. Ba a tambaye ni ba.

Asabar, 12 ga Yuli
Matata Asama'u ta yi tuwon dawa da miyar yakuwa, na ci har na kasa duƙawa faci.

Talata, 15 ga Yuli
Keziah ta kawo keken a ƙara masa iska, ta bar shi ta shiga sayen magi. Ina gwada birkin sai ƙiiii, har awakin bakin rumfa suka watse. Sabon keke yana kuka haka! Ni kuwa kowa ya san ka'idata: keke ba ya barin rumfata yana ƙara. Na tsoma gashin kaza a gwangwanin baƙin mai, na shafa wa faifan gaba da na baya sosai, na juya tayar. Tsit. Ban ma gaya mata ba, gyara ce, irin wadda mai tumatir ke ƙara maka. Ta hau ta tafi tana cewa, "Baba Yusha'u, hannunka akwai magani."
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 16 ga Yuli
Keziah ta faɗi. A gangaren dutse, kan hanyarta ta dawowa daga ƙauye. Ta matse birki har hannu ya haɗe, keke ya ce bai san zancen ba, ta zarce cikin gonar dawa. Gwiwa ta kuje, wuyan hannu ya kumbura, alhamdu lillahi ba karaya. Mai gonar ma wai dawarsa ya fara dubawa kafin ita.
Mun je gaishe ta da Asama'u. Na yi mata sannu, na yi addu'a. Amma a hanyar dawowa, Allah ya yafe mini, wani ɗan daɗi na ji a raina. Ai na faɗa.

Alhamis, 17 ga Yuli
Rumfata ta cika. Kowa "Baba ai ka faɗa, Baba ai ka faɗa." Har wanda ba ya nan ranar da na faɗa.
Aaron, mijin Keziah, ya biyo. Shi ma tsohon soja ne, magana ɗaya yake yi. Ya ce matarsa ba za ta ƙara hawa wannan abin ba, a mayar wa masu shi. Madam Gladys, shugabar asibitin, ta kulle duka biyar ɗin a sito, ta aiko in je ranar Litinin in duba, abin da na ce shi za ta rubuta wa ƙungiyar. Ni za a jira! Na sa Asama'u ta wanke mini farar rigata.
Keziah dai za ta koma tafiyar ƙafa, awa biyu zuwa, biyu dawowa, cikin damina. Abin tausayi. Amma ya fi faɗuwa.

Juma'a, 18 ga Yuli
Bayan an sauko daga masallaci na tsallaka wurin Gabriel aron sifana. Na tarar yana yi wa wani ɗan kabu-kabu faɗa, ya kwance masa birkin gaba. "Wa ya ce ka sa mai a nan? Ɗigo ɗaya ya taɓa faifan nan, birki ya mutu. Kukan da kake ji ƙura ce, gogewa ake yi."
Na ce, ko na keke? Ya ce duk ɗaya ne, bai ma ɗago ba.
Na dawo ba sifana.

Asabar, 19 ga Yuli
Ba wanda ya gani. Na yi ta juya abin: Keziah tana cikin shago, Gabriel yana ƙarƙashin babur, awaki ne kaɗai shaida. In na je Litinin na ce birkin faifai ba na hanyarmu ba ne, an gama, sunana ya ƙara tsawo.
Faci biyu na yi yau, duka suka buɗe. Ni!
Asama'u ta ajiye tuwo na tura shi gefe. Ta ce, "Mi ya same ka? Kai da ba ka barin ko loma." Na ce ciki ne. Ta dube ni ta ce, "Cikin nan naka shekara talatin muna tare, ban san shi da kunya ba." Sai na gaya mata. Na zaci za ta yi salati. Dariya ta fara yi har da riƙe bango, sannan ta tsaya cak ta ce, "To, gobe in sun taso coci ka tahi. Ɗiyar mutane ta kusa karyewa."
Tsoro nake ji, shi ne gaskiyar magana. Ba tsoron Aaron ba. Tsoron rumfa.

Lahadi, 20 ga Yuli
Na je. Na same su a tsakar gida, Keziah da hannu a naɗe tana tsince shinkafa da ɗayan. Gaisuwa na ja har na tambayi lafiyar kaji. Daga ƙarshe na cire hula na ce, Aaron, keken nan ba shi da laifi, ni ne, na faɗi komai har gashin kazar.
Aaron ya miƙe tsaye. Na ce yau zan ga aikin soja. Ya zaga tsakar gida sau biyu yana huci, ya ce, "Baba, da wani ne..." bai ƙarasa ba.
Sai Keziah ta ce, "Na sani, Baba."
Wai tun a gonar ta ga baƙin mai a faifan. Ranar da aka ba su kekunan an ja musu kunne kada mai ya taɓa wurin, ita ce ta manta ba ta gaya mini ba. Na ce to me ya hana ki faɗa wa Madam, aka kulle miki keke? Ta ce, "Kai ka koya mini hawan keke ina 'yar firamare. In faɗa, gari duka su yi maka dariya? Gara in taka da ƙafa."
Ban san inda zan sa idona ba. Awa huɗu kullum cikin laka, don kada a yi wa tsoho dariya. Aaron ne ya cece ni, ya ce a kawo wa Baba kunu kafin ya suma.

Litinin, 21 ga Yuli
Na sa farar rigar dai, tunda an wanke. Na gaya wa Madam Gladys a gaban ma'aikatanta. Ta cire tabarau ta mayar, ta buɗe sito. Gabriel ya zo ya goge faifan da sifirit ɗin asibiti, ya sauya 'yan robobin da ke matse shi, don sun sha mai sun ƙoshi. An fito da duka biyar.
Labari ya riga ni isa rumfa. Sun sa mini suna Baba Gashin Kaza. Na yi kamar ban ji ba, amma zai bi ni har kabari, na san mutanena.

Alhamis, 24 ga Yuli
Keziah ta koma aiki, a keke. Aaron da kansa ya ɗaure mata akwatin.

Asabar, 26 ga Yuli
Har yanzu ina nan kan bakana: birkin roba ya fi sauƙin gyara, kuma ba mai canja mini ra'ayi. Sai dai Madam ta ce ni zan riƙa duba kekunan nan biyar duk wata, kuma mutum ba ya taɓa abin da bai sani ba sau biyu. Don haka na ɗan leƙa wurin Gabriel da safe, leƙawa kawai. Na zauna a benci, ya nuna mini yadda ake daidaita faifan kada ya goga, na yi sau uku yana cewa sake. Yaron da na girme shi da shekara goma sha biyar. A na huɗu ya juya tayar, ya saurara, ya ce ya yi.
Na ce, "Na gode, Oga."
Bakina ne ya suɓuce. Zan koma Litinin.