Famfon feshin ɗana da kifin Altine

Hajiya, don Allah ki ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina.

Ni uwa ce, na yi kwalej, kuma ban yi renon 'ya'yana da wasa ba. A ƙauyenmu kusa da Ibohamane kowa ya san ba na ganin ɓarna in yi shiru. Jikata Amira ta rame, malamar asibiti ta ce a riƙa ba ta romon kifi. Wata biyu ina sayen tarwaɗa wajen Altine, matar wani masunci. Kifin daga kai sai ƙaya, ba tsoka, ba maiƙo. Ranar kasuwa na tsare ta gaban jama'a na yi mata wa'azi kan ha'inci, har kabari na tuna mata. Ta yi ƙwalla.

Shekaranjiya na kai wa ɗana Habu fura a garkar albasarsa. Na iske shi cikin tabki yana ɗauraye famfon feshin maganin ƙwari, ruwan ya yi fari fat. Tabkin da mijin Altine ke kamun kifi! Da na yi faɗa sai ya yi dariya, wai ai sunansa magani, kifin ma lafiya zai ƙara. Ɗan da na haifa! Yanzu me zan ba Amira? Kuma dole ne mai shekaruna ta ba Altine haƙuri?

Uwar Habu

Uwar Habu, sannu da wa'azi. Ashe mai laifin daga tukunyarki yake cin tuwo.

Ki gaya wa Habu sunan ne kawai magani, guba ce. Kifin da ke zaune a irin wannan ruwa yakan rame, amfanin namansa ya ragu, kuma tafasa ba lalle ta fitar da gubar ba. Amma ki ɗaga masa maganar kabari, rashin sani ne. Haɗa shi da malamin gona ya nuna masa inda zai wanke famfo nesa da ruwa. Wataƙila ba shi kaɗai ke yi ba, a sanar da maigari.

Amira ta bar kifin tabkin tukuna. Akwai ƙwai, wake da zogale. Ki mayar da ita asibiti, ki faɗi abin da kika gani, ko da sunan ɗanki zai fito.

Batun Altine kuwa, dole ne. Abincin gidanta ake kashewa, sannan aka haɗa mata da zagi. A kasuwa kika yi, a kasuwa za ki gyara, kuma na san murya ba za ta gagare ki ba.

Allah ya ba Amira lafiya, ke kuma ya sanyaya miki harshe.