Ƙafar Takwararki

Zuwa ga maiɗakina, Rabi ɗiyar Malam Idi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga wanda ke bisa ƙasa zuwa ga wadda ta riga shi kwanciya, da fatan makwancinki ya fi ɗakin da na gina miki sanyi da fili. Kin san ban yi lakwal ta boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Bakina ke faɗa, hannun ɗanki Iliya ke rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma guda.

Albishir na kawo miki. Amma sai kin bari na faro daga inda na ga dama.

Kin tuna daminar da ƙafar Iliya ta shanye, yana ɗan shekara uku. Zazzaɓin kwana biyu, sai ƙafar dama ta koma kamar tsumma. Muka ce Inna ce ta sha. Jar akuyarki ta tafi gidan boka, baƙar ta bi bayanta, ƙafa ba ta dawo ba. Da na ɗauko shi a wuya har gidan likita na Magarya, wani mai farar riga ya shanya ni a rana har la'asar, sannan ya hau ni da faɗa gaban mata, kamar ni na sha ƙafar. Ban manta fuskarsa ba, kuma ban yafe ba.

Shi ya sa da mutanen likita suka fara bi gida-gida da akwatin sanyi suna ɗiga wa yara rigakafin shan-inna a baki, na ce ban da gidana. Wanda ya hana ni inuwa ranar da nake nema, shi ne yau zai biyo ni har zaure da kyauta? Ke kuwa maganarki guda ce har kika koma ga Allah: "Malam, haushin kaza kake hucewa a kan dami."

Bayan rasuwarki aka haifa wa Iliya ɗiya, aka mai da sunanki. Ni Amarya nake ce mata. Bakinta naki ne sak, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

Kin san dabararmu ta nan ƙasar Sassumbrum. Da mun ji mai shela ya ce gobe masu ɗigo na tafe, sai a ɗaura wa shanu amalanke, a loda yara, kafin hantsi mun tsallaka Najeriya. Ni gidan ƙanenki Sule nake sauke nawa. In ranar can ta zo, na can su turo mana nasu. Shekaru muna haka, gwamnati biyu muna wasa da su kamar ƴan dara.

To, wata safiya na loda jikokinki biyar, na kama hanya ina ta yi wa shanu kirari. Ina isa gindin gawon nan na kan iyaka, sai ga mata biyu zaune bisa tabarma guda, kowacce da akwatinta, ɗaya tamu, ɗaya ta can. Ashe manyan ƙasashen sun zauna sun tsai da rana ɗaya, har da wasu ƙasashen da ban san sunansu ba. Gaba ɗigo, baya ɗigo. Kuma wa ke tsaye yana dama musu fura? Sule. Sulen da na saya wa wandon kaciya! Ya dube ni ya ce, "Sannu da kawo su, Yaya, ka hutar da mu tafiya." Kafin in juya shanu, Amarya ta buɗe baki kamar ɗan tsako. Aka shafa wa kowa shuni a ƙaramin yatsa, suka dawo gida suna nuna wa gari kamar lalle.

Daga nan duk ranar da suka zo, gona nake tafiya. Ban ba da izini ba, ban kuma hana ba. Ki rubuta wannan a inda kike.

Bayan girbin bara, wani maƙwabcin Sule, cikin masu ɓoye yara a rumbu, ƙafar ɗansa ta shanye. Amarya ta je wajen Sule, ta yi sati tana shiga gidan tana wasa da yaron. Ta dawo da kwana uku, zazzaɓi ya kama ta, ta ƙi taka ƙafar hagu.

Rabi, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Iliya ya jingina sandarsa, ya zauna kusa da ita yana matsa ƙafar, ya juya mini baya. Da ma ya zage ni.

Kafin azahar sai ga majo, babban ma'aikacin likitarmu, bisa babur. Wai tun daga can ƙetare aka sanar da su, suna bin sawun duk yaron da ya shiga gidan. Ya ɗebi kashinta, washegari ya dawo ya sake ɗiba, ya sa cikin ƙanƙara. Ya ce za a kai Damagaram, daga nan Yamai, daga nan jirgi ya ɗauka zuwa wata ƙasa inda masu bincike ke duba na yaran ƙasashe da yawa. Ki ji fa! Ni da furfurata ban taɓa wuce Damagaram ba, kashin jikata ya riga ni hawa jirgi.

Muka yi ta jira. Ban je gidan boka ba, ko kaza ban ba kowa ba. Ina dai zaune ina kora mata ƙuda.

Tun takardar sakamako ba ta dawo ba, wata ranar kasuwa Amarya ta dafa turmi ta miƙe. Da takardar ta iso, majo ya karanta a zaurena gaban mutane: ba shan-inna ba ce, ba su ga ƙwayarta a jikin yarinyar ba. Uwarta ta rangaɗa guɗa har aka jiyo ta a bakin rijiya. Na sa aka yanka zakaran da nake ji da shi.

Yanzu ga abin haushi. Mai gari aka yaba a rediyo a kan ɗigon yara. Sule kuma kowace kasuwa sai ya ba da labarin gindin gawo, yana ƙara gishiri. Amma ke ki yi hukunci da gaskiya: wa ya kai yaran nan? Amalanken wa? Shanun wa? Ko da niyya ko ba niyya, ni na kai su, kuma a gari duka nawa aka fara ɗiga wa. In ban da ba'ar Sule, ba wanda ya ce mini ko sannu.

Jiya da hantsi ina alwala, takwararki ta fizge hulata ta zura da gudu. Na bi ta da sanda, ta ƙofar masallaci, ta bayan rumbuna, har fagen sussuka, mata na ta dariya. Ban kamo ta ba, Rabi. Ko kusa ban yi ba. Na tsaya ina haki, ina kallon ƙafafun nan biyu suna ta da ƙura, ban san lokacin da ruwa ya zubo mini daga ido ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa haƙurin da kika yi da ni ya zama nauyi a mizaninki. Allah Ya ba yaron can na maƙwabcin Sule sauƙi. Waɗanda suka zauna suka tsai da rana ɗaya, Allah Ya saka musu, ko da yake ni suka kama. Ya raya mana Amarya bisa ƙafarta har ta ga jikokinta. Amin.

Ni ne mijinki, zaune a zaure kai ba hula,
Malam Garba.