Ruwan Alwalata a Kan Motar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake mutanen unguwarmu Jarwal in sun karanta za su gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, ni ban yi karatu mai nisa ba, yadda abin yake haka zan faɗe shi.

A Makka aka haife ni, iyayenmu daga Kano suka zo. Na haura hamsin, tankar ruwa nake ja tun ina saurayi. Muna da ƙungiya ta masu tsofaffin motoci fo-wil, in sanyi ya shigo mu fita barr, yani daji, mu gasa nama mu dawo. Yayana ne amirin tafiya, shi ke shiga gaba, kuma motar da yake ja ta Babanmu ce Allah ya ji ƙansa, jip ce da ta girmi 'ya'yanmu duka.

Matsalar bakina ce. Ni in na ji ƙara a mota ba na iya shiru. Bara na ce wa wani giyabos ɗinsa na kuka, ko Muzdalifa ba mu wuce ba ta tsaya, da igiya muka jawo ta. Na ce wa wani aksil ɗin gabansa na zubar da mai, a tsakiyar rairayi ta cije. Da farko wasa ake, in na buɗe baki sai a ce a ba shi dabino ya rufe. Daga baya na lura in na nufo ana sauke bonet, wani har tofa wa motarsa addu'a ya yi ina tsaye.

Fitarmu ta ƙarshe na shiga motar Baba, duk sanda Yaya ya ɗaga ƙafa daga totur sai in ji ƙwas a ƙarƙashi. Na ce masa farfela ce, dogon ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya, gwiwarta ta cinye. Ya ce in ce Masha Allah. A hanyar dawowa gwiwar ta ɓalle, ƙarfen ya caki ƙasa, bayan motar ya yi sama ya dawo. Allah ya sa a shimfiɗe muke kuma a hankali ake tafiya. Muka kwance farfelar, muka sa dabal, yani giyar fo-wil, da tayoyin gaba kaɗai muka lallaɓo gida.

Bayan kwana biyu Yaya ya zo gidana da wani dattijon ƙungiyar da roba a hannu, wai in yi alwala a ciki a zuba wa motar, kambun bakina ne ya kama ta. Na yi. Yayana ne, kuma na san abin yana da asali a addini, ban musa ba. Ina kallo aka zuba ruwan tun daga bonet har tayoyi.

To amma farfelar ba a samu sabuwa ba, wata warsha, yani gareji, ya kai aka yi wa tsohuwar walda. Da rana yana masallaci na shiga ƙarƙashinta na duba. Waldar a karkace take, na kama da hannu tana motsi, ga jan garin tsatsa na zubowa. Da na gaya masa sai ya ce na sake farawa ke nan, an zuba ruwa halas, magana ta ƙare, motar da ta yi ta kai alhazai Arfa a hannun Baba ba ta taɓa yar da kowa ba. Ya ce ya san tun da Baba ya bar masa ita ban ƙara kallonta da ido mai kyau ba. Wannan maganar ta ci ni wallahi.

Ran Asabar ɗin nan za a fita da iyali, dutsen wajen Ɗa'if za a hau, ta tsohuwar hanyar da ba kwalta, gefe dutse gefe rami. Irin wannan motar birkin hannunta ta farfelar yake riƙe tayoyi, in ta faɗi a gangare ba birkin hannu, giya ma ba za ta riƙe bayan ba. Kuma Hajiyarmu, mahaifiyarmu, za ta je. Na ce ta shigo tawa, ta ce ita kujerar da ta saba zama kusa da mijinta za ta zauna. Ta riƙe hannuna ta ce, Auta, kai dai ka yi shiru, in ka yi shiru lafiya za mu dawo.

Gaskiya ni kaina na fara tsoron bakin nan. Ko wannan rubutun ban sani ba ko shi ma faɗa ce.

Na yi tunanin in kwance farfelar in ɓoye, amma ranar zumuncina da Yaya ya ƙare, kowa zai ce dama ga shi. Na yi tunanin in gaya wa Hajiya komai dalla-dalla, wataƙila ta fasa, to in motar ta tafi da Yaya da yaransa bayan na furta, da wane ido za ta kalle ni har ta mutu? Ko in yi shirun da ta roƙa, in bi su a baya ina kallon ƙarƙashin motar har mu sauko?

Jiya na bi ta ƙofar gidansa, inda motar ke tsaye na ga wasu 'yan ƙarafa kamar allurai a ƙasa, na cikin gwiwar ne suka fara zubowa. Na tsince su, suna aljihuna, ban nuna wa kowa ba.

Malamai da makanikai da ke cikin guruf ɗin nan, in ku ne, uwarku za ta zauna a gaban motar nan kuma ita ta ce ku yi shiru, me za ku yi kafin Asabar?