Kalmar da ta kai ni Tasawa

Litinin, 4 ga Nuwamba
Ni aka zaɓa! Ni zan wakilci lise ɗinmu, babbar sakandare ta Mayahi, a gasar jawabi a Tasawa. Malaminmu Mushe Laminu ya ce kowa ya ɗauki kalma guda ya bi sawunta. Na ɗauki infirmus ta Latin: rarrauna, mai yawan ciwo. Aji ya kwashe da dariya, wai na zaɓi kaina. To, ƙarya suka yi? Da sikila aka haife ni.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Wannan kalma ta fi ni yawo, wallahi! Faransawa infirme, Sifaniyawa da Fotugisawa enfermo, Italiyawa infermo, Ingilishi infirm. Har infirmier mai yi mini allura daga gidansu ya fito. Marar ƙarfi, amma ta shige ƙasashen nan duka. Ina ta tsalle ni kaɗai a ɗaki.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Gwaggo, wadda ta raine ni, ta ce ba inda za ni. "Ayashe, ke da ko kasuwar Gidan Amumune sai kin kwanta?" Na tsani sunan nan. Yayyena uku sun mutu tun suna goye, sai aka laƙaba mini shi, wai a nuna ba a damu da ni ba don mutuwa ta wuce ni. Ba ta taɓa kira na da sunana na yanka, Ramlatu, ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Na yi wa Gwaggo jawabin da Hausa tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Su ma Nasara suna da irinki?" Da la'asar na ga ta fito da zanenta na biki. Tare za mu!

Asabar, 16 ga Nuwamba
Tasawa. Gwiwata na ciwo, ban gaya wa kowa ba. Na zo ta biyu! TA BIYU!

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Jiya a tasha wata mata ta tambayi Gwaggo sunan yarinyar da ta yi jawabi. Gwaggo ta ce, "Ramlatu." Da ƙarfi. Nan take ta kama hannuna ta matse, tana addu'a ƙasa-ƙasa, ba ta sake ni ba har Mayahi.

Yau da safe ta manta, ta kira Ayashe. Na amsa da sauri. Ban san dalili ba.